Amanar Batura Uku

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

Wata shekara aka yi damina mai iska a dawa. Hadarin fari da ya taso daga gabas bai tashi tsayawa ba sai da ya kayar da wani tsohon gawo da marke biyu, suka gitta hanyar rafi. Namun daji suka yi kwana tara suna sara da gatari. Hannun Biri ya yi kanta, Ɓauna ta yi targaɗe, Barewa kuwa kullum sai ta zagaya ta cikin ƙaya kafin ta kai 'ya'yanta shan ruwa. Ran Zaki ya ɓaci. Ya sa aka buɗe baitulmali, ya kira Dila malamin daji, ya ce ya hau Raƙumi ya tafi Kano, kada ya dawo sai da abin da zai raba su da wannan wahala.

Dila ya sauka kasuwar Ƙofar Ruwa, ya yi kwana biyu yana tambaya yana taya kaya. Ran da ya dawo aka kwance mangala a ƙofar fada. Sai ga zarto mai sarƙa, ga injin yankan ciyawa, ga famfon feshi na goyo. Babu wanda ke shan fetur a cikinsu, babu na jan igiya. Sai kuma wasu batura uku, iri ɗaya kamar an tsaga kara, kowanne da cajarsa, an rubuta 18V da 5Ah a jikinsu. Su ne abincin zarto da injin ciyawa. Famfon feshi da nasa batirin daban a cikin cikinsa.

Zaki ya ce, "Kayan jama'a ne, amma abin da aka ce na kowa ne ba ya samun mai kula. Zan ba da amanar baturan nan ga mutum uku. In damina ta zagayo kowa ya kawo nasa, wanda nasa ya fi lafiya shi ne Sarkin Zarto."

Gizo ya yi wuf ya faɗi gaban sarki. Kun san harshensa ba ya kama ra. Ya ce, "Yanka ya daɗe, ni ne nan mai yiƙon amana." Aka ba shi ɗaya. Kura ta ce ai ita ce mai ƙarfin ɗauka, aka ba ta ɗaya. Na ukun aka ce a ajiye wa Kunkuru, a haɗa masa da famfon feshi tunda shi ke noman albasa a fadama.

Bayan la'asar Dila ya tara su gindin tsamiya don ya karanta musu halin abin da aka ba su. Ya fara da famfon feshi, ya yi bayaninsa ya gama, sannan Kunkuru ya iso yana haki, don tun azahar ya baro gida. Ya nemi gafara ya zauna. Ba wanda ya tuna ya maimaita masa abin da ya wuce.

Dila ya ciro wani mataccen batir da ya roƙo a kasuwa, ya kwance ƙusoshinsa, ya buɗe. A ciki akwai wasu 'yan sanduna goma a jere kamar gaɓoɓin rake, biyar sama biyar ƙasa. Ya ɗaga ɗaya ya ce, "Tsawonta milimita 65, kaurinta 18. Kowace ƙwaya ɗaya tana ba da bolt 3.6. Ku jera biyar, kun sami 18 ɗin da ke rubuce a waje. Layi na biyu kuma shi ke ƙara wa tulun girma, ya daɗe bai ƙare ba, abin da 5Ah ke nufi ke nan. Ruhin abin wani ma'adini ne da ake kira litiyam, wanda dutsensa har a jihar Nasarawa ana haƙowa. In kun sa caji, litiyam ɗin ya yi ƙaura daga wannan gefe zuwa wancan. In kun kunna zarto, ya dawo gida. Iyakar aikinsa ke nan, kai da kawowa, kamar mai tallan nono."

Ya ce abu uku ne ke kashe shi. Na fari zafi, kuma shi ne babba. Na biyu a bar shi cike fal tsawon watanni, don in ƙwaya ta kai bolt 4.2 tana takure ne kamar salkar da aka ɗura wa ruwa har wuya. Na uku a bar shi wayam, don in ƙwaya ta faɗi ƙasa da bolt 2.5 ta daɗe a haka, cikinta ya lalace, caja ma sai ta ƙi karɓarsa.

"Ga fitilu huɗu a goshinsa," in ji Dila. "In za ku ajiye shi ya daɗe, ku bar biyu a kunne. Ku cire shi daga jikin inji, ku nemi wuri mai inuwa marar laima. In ya dawo daga aiki da zafi, ku bar shi ya huce kafin ku sa masa wuta. In zafin wuri ya haura digiri 40, ku jira yamma."

Gizo, wanda tun ɗazu yake gyangyaɗi, ya farka ya ce, "Malam, ni kakana ya ce batiyi sai an shanye shi tas kafin a sa caji, in ba haka ba ya saba da yagwanci."

Dila ya ce, "Kakanka bai yi ƙarya ba, amma na zamaninsa yake faɗi, mai nikel da kadmiyam. Wannan wani iri ne. Kamfanin Sony na Japan ne ya fara fito da shi kasuwa a 1991, kuma ba shi da wannan hali. Ka sa masa caji ko yana da rabi, ba abin da zai same shi. Ƙwaƙule shi tas ne yake ƙi."

Gizo ya gyaɗa kai kamar ya ji. Kura kuwa daga duk karatun nan kalma ɗaya ta kama, wato caji, ta riƙe ta gam.

Aka shiga aiki. Duk wanda ranarsa ta zo sai ya ɗauko batirinsa a maƙala wa zarto ko injin ciyawa. Kafin kaka an buɗe hanyar rafi, an share bakin kasuwa, an sare rassan da suka rufe makabarta.

Kunkuru ba ya fita sai ya zauna da magagari ya wasa haƙoran sarƙa ɗaya bayan ɗaya, ya duba mai. Zomo ya taɓa yi masa dariya, ya ce rana na yi kana nan kana soso. Kunkuru ya ce, "Ɗan'uwa, zarto in ya dakushe, batir ke biyan bashin. Sai ya ja wuta ninki, ya yi zafi, ya ƙare da wuri." In yana yanka ya ji muryar injin ta fara sauka, ba ya matsa masa. Sai ya tsaya, ya cire batir, ya ɗora tafin hannu a bayansa. In ya ji ɗumi ya wuce na jikin jariri, ya ajiye shi gindin bishiya ya ci goro. Sai rana ta yi sanyi yake kai shi fada, inda sarki ya sa aka kafa sola, ya sa caji a zaure, ya zauna kusa har fitila ta zama kore, ya zare.

Kura ba mugunta ta yi wa nata ba, wannan ya kamata a faɗa. So ne ya yi yawa. A wajenta duk abin da kake ƙauna ciyar da shi ake yi, don ita ba ta san wani ciwo da ya wuce yunwa ba. Da ta dawo daga aiki, batir na ƙuna kamar dutsen murhu, sai ta danna shi kan caja. Cajar kirki ce, tana da hankali, sai ta riƙa ƙifta ido ta ƙi ba shi wuta har ya huce. Kura ta ce wannan caja marowaciya ce. Wata rana ƙaramin janaretonta ya yi tari, wuta ta yi sama, cajar ta ƙone. Ta je kasuwar ƙauye ta sayo wata mai araha, marar suna, wadda bakinta ya shiga daidai. Ita wannan ba ta tambayar zafi, ba ta san ƙoshi ba, ɗura kawai take yi. Kura ta ce yanzu ta sami caja mai kyauta. Ta kafa ta a kan shantu, dab da rufin kwano, don kada ɓeraye su kai gare ta.

Ni mai ba ku labarin nan na taɓa kwana a ɗakin kwano a Sakkwato cikin watan Afrilu, lokacin da zafin waje kansa ke haura digiri 40. Da rana in ka miƙa hannu kusa da rufin sai ka janye. Duk sanda na zo nan a tatsuniyar sai tausayin batirin Kura ya kama ni, da na Kurar ma, don da yawanmu haka muke yi wa abin da muka sha wuya muka saya.

Gizo kuma nasa salon daban ne. Ranar aikinsa yakan karɓi kuɗin yankan itace a ɓoye daga masu gidaje, don haka ba ya son tsayawa. In zarto ya ɗauke, sai ya cire batir ya bubbuga shi a gwiwa, ya mayar, ya matsa kunama ya sami yanka ɗaya. Ya sake cirewa, ya sake mayarwa, har sai ko motsi babu. Sannan ya jefa shi cikin burgamin da yake tara ƙusoshi da makullai da tsabar kuɗi. Wata rana matarsa Ƙoƙi na shara ta ji ƙyas, ta ga tartsatsi ya fito daga burgamin. Wata ƙusa ce ta haɗa bakunan batirin biyu.

Ta ce, "Maigida, wannan abin zai ƙone mu. Ka ware masa wuri mana."

Ya ce, "Ke dai ki yi shayayki."

Da aikin shekara ya ƙare, sarki ya sa aka goge injuna aka rataye. Gizo ya yi yankansa na ƙarshe har fitilar ƙarshe ta mutu, ya ce gobe zai kai caji. Gobe ta zo aka yi biki a gidan Kurege. Jibi ya manta. Ƙoƙi ta gaji da ganin abin a tsakar gida ta sa shi cikin rumbu, gero ya rufe shi.

Hunturu ya shigo da ƙurarsa. Kunkuru ya ɗauki batirinsa, ya ga fitila huɗu, ya maƙala shi a injin ciyawa ya share bayan gidansa har suka koma biyu. Ya goge bakunan ƙarfen da busasshen tsumma, ya hure ƙurar da ta toshe hancin caja, ya naɗe su. Yana da wani ɗakin ƙasa mai rufin azara, wanda ko a tsakiyar bazara in ka shiga sai ka ji kamar an yayyafa ruwa. A nan ya sa shi cikin alkuki, nesa da randa don laima. Duk bayan wata biyu sai ya ɗauko ya danna maɓalli ya ga fitilu, ya ja layi ɗaya da ƙusa a ƙarƙashin batirin don ya tuna, ya mayar. Sau ɗaya ya tarar saura ɗaya da rabi, ya kai fada aka ɗan ƙara masa. Da ya juya kan famfon feshi sai ya ce a ransa, ai batir batir ne. Ya yi feshi da shi har ya ji ƙarfinsa ya ragu, ya wanke tanki, ya jingine shi kusa da ɗan'uwansa.

Bazara ta yi bazara. Ganyen gawo ya fara zuba, alamar ruwa ya kusa. Sankira ya zaga da shela cewa jibi kowa ya kawo amanar sarki.

Nan Gizo ya tuna. Ya shiga rumbu ya tona, ya fito da batir duk ƙaiƙayi. Ya danna maɓalli, duhu. Ya sa a caja, jar fitila ta riƙa ƙiftawa, ta ƙi. Ya ruga wajen Ƙadangare, ya tarar da shi kwance kan fa yana gyaɗa kai. Ƙadangare ya ce, "Ni da safe ko yatsa ba na iya ɗagawa sai rana ta gasa ni. Kai ma shanya shi." Gaskiyar jikinsa ya faɗa. Gizo ya shanya batir kan dutse tun hantsi har la'asar, robar ta yi laushi, ya mayar kan caja. Jar fitilar nan dai.

Da dare ya yi ya ɗauki mataccen ya nufi ƙofa. Ƙoƙi ta ce, "Maigida, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka je ka gaya wa sarki gaskiya." Bai ko waiwayo ba. Ya bi ta indararo ya shiga gidan Kunkuru, ya lalubi alkuki, ya yi musanya, ya fito.

Ranar taro fada ta cika. Kura ce ta fara shigowa, tana taƙama, ta ɗauko nata a kan faifai an lulluɓe da mayafi. Ta yaye. Batirin ya kumbura, gefensa ya dare, wani wari mai zaƙi-zaƙi kamar na man goge farce yana fita.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, dubi yadda ya yi ƙiba. Wata bakwai ban bar shi da yunwa ko dare ɗaya ba."

Dila ya miƙe zumbur ya ce, "Kowa ya ja baya! Kura, kallon kitse kike yi wa rogo. Iska ce ta taru a cikinsa. Ajiye shi a kan yashi, a hankali, ki matsa."

Kura ta ɗauka hassada ce, so ake a raba ta da sarauta. Ta cafke batirin da baki za ta kai wa sarki da kanta. Haƙorin da ke fasa ƙashin raƙumi kuwa roba ba ta tare shi. Aka ji tsss, farin hayaƙi ya turnuƙe, sai wuta ta yi tsiri kamar daga zugazugin maƙera. Ta watsar ta yi ihu. Ƙwaya ɗaya ta kama ta kunna ta kusa da ita, ita ma ta kunna ta gaba, suna fashewa ɗaya bayan ɗaya. Dila na ta cewa kada kowa ya shaƙi hayaƙin, a koma bayan iska. Giwa ta ruga tafki ta ciko hanci ta yi ta kwarara ruwa, ta koma ta ƙaro, har sau bakwai. Da wutar ta mutu Dila ya hana a taɓa, ya ce irin wannan takan sake tashi bayan an ɗauka ta mutu. Aka kewaye wurin da yashi aka sa Bushiya gadi har dare. Bakin Kura kuwa ya ƙone ya yi baƙi, kuma har yau in kun gan ta za ku ga bai koma ba.

Da hankali ya kwanta Gizo ya matso ya miƙa nasa. Aka danna, fitila biyu. Aka maƙala a zarto, ya ɗauka da ƙara, ya raba kututture biyu. Jama'a suka yi sowa. Kunkuru ya miƙa wanda ya ɗauko daga alkukinsa da asuba. Duhu. Ya tsaya yana kallonsa, bai ce komai ba.

Zaki ya buɗe baki zai yi magana, sai Kaza ta matso tana leƙen mataccen batirin. Ta sa baki cikin tsagar bakinsa ta zaro ƙwayar gero, ta sake zaro wata. Ta ce, "Ranka ya daɗe, Baba Kunkuru albasa yake nomawa, ko zangarniya ɗaya ba shi da ita. Wannan geron na san shi, na sha tsintarsa a gindin rumbun Gizo." Dila ya karɓa ya duba, ya ga tabon ƙuna a bakunan ƙarfen inda ƙusa ta taɓa haɗa su. Kunkuru ya ce a hankali, "A juya wancan a dubi ƙarƙashinsa. Za a ga layi uku." Aka juya, ga su nan.

Kafin a ɗago kai Gizo ya bi bango ya haye, ya shige tsakanin azara, ya lafe.

Zaki ya ce to, a kawo famfon feshi a gwada, a naɗa Sarkin Zarto gaba ɗaya. Aka zuba ruwa, aka murɗa makunni. Famfon ya yi wani ɗan gurnani ya yi shiru. Aka kai shi caji har magariba, aka dawo, ya fesa ruwa kamar na cikin cokali ya sake mutuwa.

Kunkuru ya ce, "Malam, yadda ka faɗa na yi masa. Rabi na bar shi."

Dila ya dafe kai ya ce, "Baba, laifina ne, ba ka iso ba na yi maganarsa." Ya kwance gindin famfon ya fito da wani baƙin batir mai nauyi, an rubuta 12V. Ya ce, "Ɗaga ka ji. Wannan na dalma ne da ruwan batir, ɗan'uwan na mota da na babur. Shi a cike yake son kwana. Da ka gama feshi ka cika shi, in yana ajiye kuma duk wata ka ƙara masa. In ya zauna da yunwa, wani farin gishiri ke kama farantan dalmar da ke ciki ya daskare, daga nan ba ya ƙara riƙe wuta. Abin da ya raya wancan shi ya kashe wannan."

Kunkuru ya sunkuyar da kai ya ce a ba wani sarautar, shi ma ya ɓata amana. Zaki ya yi shiru, sannan ya ce rawani na Kunkuru ne, amma sabon batirin famfo daga kuɗin albasarsa za a saya, rabi kuma daga aljihun Dila. Kurege ya ce a jefa matattun a juji a huta. Dila ya ce a'a, na dalma guba ne ga ƙasa da rijiya, na litiyam kuma in aka cinna wa juji wuta sai ya fashe. Ya liƙe bakunansu da salatif, ya ce zai tafi da su birni wajen masu karɓar tsofaffin batura.

Daren nan hadari ya haɗo. Da asuba Barewa ta zo da gudu ta ce wata ɗorawa ta faɗi a hanyar rafi. Batir ɗaya ya rage wa dawa duka, fitilarsa biyu. Sarkin Zarto ya sa shi caji a zauren fada, ya ɗauko magagari ya zauna yana wasa sarƙa, jama'a na tsaye a waje suna jira. Daga can saman azara Gizo na leƙowa, yana kallon fitilar caja.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera.